Iskar Farkon Damina

Yau maganarmu a kan iska take, wadda takan riga ruwan farko isowa.

A ƙasashen bakin teku akwai wata guguwa mai gudun kilomita 119 a awa ko fiye. Irinta ce ta faɗa wa birnin New Orleans na Amurka a 2005, ta kashe mutum fiye da 1,000. Ita wannan ba ta zuwa Kano, don ba ta samun ƙarfi sai a bisa ruwan teku mai ɗumi. Amma da yawa cikinsu asalinsu hadarin nan ne da ke bi ta kanmu daga gabas ya yi yamma, har ya faɗa Tekun Atlantika ya girma. Ashe ƙanwarta muke gani, ƙanwar kuwa ta isa ta kwashe rufin ɗaki.

Wajen watan Mayu za ku ga gabas ta yi baƙi, sai ƙura, sai iska. A wannan lokaci ba abin da ya kai kwano haɗari. Falle guda in ya tashi sama, yanka yake kamar wuƙa. Saboda haka, maigida, tun a Afrilu ka hau ka duba. Ƙusar da ta yi tsatsa a sake ta. Katakon da gara ta ci a fid da shi, don ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen itace. Masu danne kwano da duwatsu kuwa, ina roƙonku ku bari. Ran da iska ta fi ƙarfin dutsen, a kan wa zai sauka?

Kada kuma a ce abin na talaka ne kaɗai. A Nassarawa GRA, inda gidajen siminti suke, manyan itatuwa ne abin tsoro, reshe ya karye ya tsinka wayar lantarki. A sassabe busassun rassa tun da rani. Wayar da ta faɗi ƙasa, kada kowa ya kusance ta, ko da an ɗauke wuta.

Uwargida, da kin ga hadari ya haɗu, ki kashe wutar murhu, ki tara yara a ɗaki, a rufe taga. Wanda hadari ya riska a gona kada ya fake gindin itace, saboda tsawa.

Gidan ƙasa kuwa, nasa gwajin sai Agusta, watan da ruwa ya fi yawa. A Agustan 1988 ne ma madatsar Bagauda ta fashe. A yi yaɓe da wuri, a share indararo da magudana, kada ruwa ya kwanta a gindin bango. Bangon da ya tsage ya jiƙe, kada a kwantar da yaro jikinsa.

In kwano ya yanki mutum, a danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Ban da toka, ban da ƙasa. A kawo shi ɗakin shan magani ran nan, a wanke, a yi masa allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora.