Fitsarin Maigida da Ƙarin da Gwajin Jini Ba Ya Nunawa

Yau da iyayenmu maza nake, musamman na Sabon Garin Wudil da ƙauyukan bakin kogi. Amma iyaye mata ku matso, don kun fi kowa sanin sau nawa maigida ke fita fitsari cikin dare.

Ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda likitoci ke kira furostet, bai wuce girman goro ba, kuma hanyar fitsari ta tsakiyarsa ta ratsa. In mutum ya haura shekara 50 yakan kumbura, galibi ba daji ba ne. In ma dajin ne, sama da kashi 90 cikin 100 iri ɗaya ne, wanda yawanci ke tafiya a hankali, gwajin jinin PSA kan tona asirinsa, allurar rage sinadarin maza kuma tana kwantar da shi.

To, ga inda nake so ku buɗe kunne. Akwai wasu ire-iren da ba a cika gani ba. Ɗaya mai ƙananan ƙwayoyi ne, yana saurin tsallakawa hanta da ƙashi. Wani kuma, sakoma, daga tsokar wurin yake tsirowa, har saurayi da ƙaramin yaro yana kamawa. Waɗannan sau da yawa ba sa ɗaga PSA. Sai Alhaji ya karɓi takardarsa, a ce jini lafiya lau, ya linke ya sa a aljihu, alhali fitsari na nan yana ɗiga. Takarda ta ce lafiya, jiki ya ce a'a? Jikin za ka saurara.

Mu nan da an ga jini a fitsari sai a ce tsargiya ce, ai ɗan bakin kogi ne. Wani ya ce sanyi ne. Ranar Juma'a a ci kasuwa, a tsaya gaban mai lasifika a sayi jarkar tsimi. Haba Malam! Saniya ma sai ka duba haƙoranta kafin ka biya, amma jikinka sai ka bar wa mai lasifika?

Fara da Babban Asibitin Wudil. In abin ya fi ƙarfinsu su tura ka Kano, Asibitin Abubakar Imam na masu ciwon mafitsara, ko na Koyarwa na Malam Aminu Kano. Likita zai sa safar hannu ya taɓa wurin ta dubura. Na san nan ne ake noƙewa, to ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai hoto, sannan a tsinko ɗan nama da allura a duba a madubin likita. Wannan ne kaɗai ke bayyana irin ƙarin, kuma irinsa ne ke zaɓar magani. Waɗannan baƙin ire-iren ba su cika jin allurar sinadari ba; sai ƙarin ruwa na maganin daji, ko tiyata, ko gashi da na'ura irin wanda ake yi a Shika, Zariya. Tsarin haɗa su aikin likitoci ne.

Na sake faɗa: PSA mai kyau bai sallame ka ba matuƙar fitsari na tsinkewa, ko akwai jini, ko ƙugu ya ƙi daina ciwo. Hajiya, in maigida ya ƙi zuwa, kira babban ɗansa ya kai shi cikin makon nan. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.