Buhun Masara Ba Ya Tambayar Addini
(Jawabi a taron dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata, Funtua)

 

Tambaya guda ce ta tara mu yau. Hatsin da masu bi suka kawo baiko a godiyar kaka, wa za a ba? Wasu dattawa sun ce a fara da 'yan ikkilisiya, in ya ragu sai a duba na waje. Ba mu raina wannan magana ba, domin muna da gwauraye da marayu a cikinmu. Amma mu da ke zagaya ƙauyuka mun san abin da ke faruwa: ba ya raguwa. In aka ce sai ya ragu, an riga an ce ba za a bayar ba.

Kun san waɗanda 'yan bindiga suka kora daga ƙauyukan Faskari, Sabuwa da Dandume, suka zo suka raɓa a kangaye da gidajen dangi a nan Funtua. Kun tuna Agustan 2025, da aka afka wa masallata a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi ana sallar asuba, aka kashe mutane da yawa. Yawancin waɗannan bayin Allah Musulmi ne, maƙwabtanmu, da su muke cin kasuwa ɗaya. Mutumin da bai shiga gonarsa ba damina guda, ba shi da rumbu, iri ma ba shi da shi.

A Luka sura 10, Basamariyen nan ya tarar da mutum kwance a hanya, ba ɗan garinsu ba, ya ɗaure masa rauni, ya biya kuɗin masauki daga aljihunsa. Ba a gaya mana ko an gode masa ba.

A ƙasar Katsina ma an yi irin wannan. Wajen 1937 mishan ɗin SIM ya karɓi aikin kula da kutare a Babbar Ruga kusa da Katsina, haka kuma a Amanawa ta ƙasar Sakkwato. A lokacin babu ƙwayar maganin kuturta irin ta yau, sai allurar wani mai, mai zafin gaske, da wankin gyambo kowace safiya. Mutanen da danginsu ke ware wa ƙwarya da tabarma, su ne aka riƙa kama wa hannu. Gaskiya ne 'yan mishan suna so a ji bishara, ba su ɓoye ba. Amma wanda ya taɓa wanke gyambo ya san ba aikin da ake yi don a gani ba ne.

Nan ne muke roƙonku a yi hankali. Akwai taimakon da ke da ƙugiya a ciki. Mun san masu ba da bashin buhu ɗaya a tsakiyar damina su karɓi biyu da kaka. Wanda ya ba mai yunwa tiyar masara yana jiran ya gan shi a sujada ranar Lahadi, shi ma bashi ya bayar, ribar ce kawai ta bambanta. Kada a yi wa'azi a kan layin rabo, kada a ɗauki hoton mace tana miƙa hannu. Wanda ya tambaye mu dalili, sai mu faɗa masa a fili.

Shawararmu ita ce a rubuta sunaye bisa ga bukata, tare da masu unguwa da limamai, tun da su suka san wanda ya kwana bai ci ba. Gwaurayenmu suna cikin lissafin nan kamar kowa. A kuma ajiye kashi ɗaya a sito har zuwa Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna ke ƙarewa, hatsi ya yi tsada a kasuwa.

Iyaye mata, awo yana hannunku. Kowace ikkilisiya ta turo mata biyu da tiyarsu ranar Asabar da safe. Allah ya ba mu ikon yi.