Ka Dasa Gwaba, Amma Ka Dawo Ka Duba Ta

Yau da tona wa kaina asiri zan fara.

Shekara uku da suka wuce, ni da abokaina muka yi gangamin dashen itatuwa a wata firamare da ke unguwarmu. Dashe 40 muka kafa, muka ɗau hotuna, muka ɗora a Facebook, aka yi ta yi mana jinjina. Da na koma bayan rani, shida kacal na tarar da rai, kuma dukansu gwaba ne. Na tambayi Baba mai gadi yadda aka yi. Ya ce: "Ɗana, wadda na san jikokina za su ci, ita na kewaye da ƙaya, ita nake zuba wa ruwan alwalata. Sauran kuwa awaki na gaishe ku." Wallahi na ji kunya. Tun ranar na zauna na karanci gwabar nan.

Kun san ba 'yar ƙasa ba ce? Asalinta yankin Meziko ne da tsakiyar nahiyar Amurka, Turawan Sifaniya da na Fotugal suka yaɗa ta duniya. Danginsu ɗaya da kanumfari da bishiyar turare. In kana musu, murza ganyenta ka shinshina. Ƙamshin nan daga wani mai ne da ke cikin ganyen, kuma gadon gidansu ne. Ba ta tsayi sosai, kuma in ta samu ruwa, rani da damina ganyenta shar yake. Sinadarin bitamin C da ke cikinta ya kai wajen ninki huɗu na lemon zaƙi.

To, ga abubuwa huɗu da ban sani ba lokacin da nake ɗaukar hoto.

Na farko, iri. In ka shuka ƙwallo, sai ka jira shekara biyu zuwa huɗu, kuma ba lallai 'ya'yan su ɗauko zaƙin uwar ba. Gara ka nemi mai aure. Ko ka je wurin bishiyar da ka yarda da zaƙinta, ka ɓare bawon reshe ɗaya kamar zobe, ka naɗe wurin da ƙasa mai laima a cikin leda, ka ɗaure. In saiwa ta fito, ka yanke ka dasa.

Na biyu, tazara da ruwa. Ka bar mita 5 zuwa 6 tsakanin dashe da dashe. In ta girma tana jure fari, amma a ranin farko jaririya ce, dole sai da ban ruwa da shinge.

Na uku, aski. Gwaba a kan sabon toho take fure. Wanda ke tausayin rage mata rassa, kansa yake cuta. Bayan ka gama tsinka, ka datse busassu da waɗanda suka cunkushe, sai ta yi sabon toho.

Na huɗu, tsutsa. Muna yara cewa muke gwaba da tsutsarta ake halittarta. Ba haka ba ne fa! Wani ɗan ƙuda ne ke huda fatar ya saka ƙwai a ciki. In gwabar ta faɗo ƙasa, tsutsar ta shige ƙasa ta rikiɗe ta zama sabon ƙuda. Don haka ka riƙa tsince wadda ta zube kana binnewa a rami mai zurfi, waɗanda ke sama kuma ka sa musu jakar takarda tun suna ƙanana.

'Yan uwana matasa, damina na tafe, za a sake kiran mu gangami. Kafin ka karɓi dashe, ka tambayi kanka wa zai ba shi ruwa a watan Maris. In babu amsa, ɗauki ɗaya tak, ka kafa a ƙofar gidanku inda za ka riƙa ganinsa kullum.

Gwabar Baba mai gadi kuwa, bana ta fara 'ya'ya, har ya aiko min da guda biyar a leda.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.