Maganin Ƙwari Yana Ƙofar Gidanmu

Jawabin da sashen raya karkara ya gabatar a taron zumuntar mata tare da dattawan ikkilisiya

 

A ziyarar da muka yi gida gida, mun ga lambunan bayan ɗaki cike da alayyahu, rama, kuɓewa, tumatir da attarugu. Mun gode wa Allah domin ƙwazonku. Amma akwai abin da ya tayar mana da hankali. A gidaje da yawa mun tarar da kwalbar maganin ƙwari a ƙarƙashin gado. Wani ma an juye shi cikin robar lemo, inda yaro zai iya ɗauka ya sha. Wata uwa ta gaya mana ta fesa wa alayyahunta magani ranar Juma'a, ta tsinka ranar Asabar ta yi miya. Yaranta biyu suka kwana suna amai. Allah ya ji ƙai suka warke.

Kowane maganin feshi yana da kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin, kuma an rubuta su a jikin kwalbar. To, lambun da muke tsinka kullum domin miyar yamma, yaushe za mu jira? A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da maganin DDVP a kasuwanni da kantuna saboda rayukan da yake ci. Domin haka muke roƙonku, mu raba lambun miya da guba.

Dogonyaro

Itacen nan da wasu ke kira darbejiya ko maina, asalinsa daga ƙasar Indiya ne. Muna hutawa a inuwarsa, muna share 'ya'yansa mu zubar, alhali a cikinsu maganin yake. Ga yadda ake haɗawa:

1. A tara nunannun 'ya'ya, a wanke ɓawon, a shanya a inuwa. Wanda ya yi funfuna a zubar.
2. A ɓare, a daka ƙwayar ciki har ta yi laushi. Kada a yi amfani da turmin abinci, gama ɗacin ba ya fita da sauri.
3. A jiƙa rabin kilo cikin ruwa lita 10, wato rabin babbar jarka, ya kwana. A roƙi mai sikeli ya auna sau ɗaya, a sa wa kwanon alama.
4. Da safe a tace da tsumma, a narka ɗan sabulu a ciki domin ya kama ganye.
5. A fesa da yamma, sama da ƙarƙashin ganye, domin zafin rana yana kashe ƙarfinsa. Wanda ba shi da famfon feshi ya yayyafa da tsintsiya. A maimaita bayan kwana 7.

Gaskiyar magana, dogonyaro ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana tsutsa da fara cin ganye, ya hana su girma, sai bayan kwana biyu ko uku a ga bambanci. Kada wani ya duba da safe ya ce bai yi aiki ba. Kuma a fara da wuri, kafin ɓarna ta yi nisa. A ajiye ruwan nesa da yara, a wanke ganye sosai kafin a dafa.

Toka da hannu

Ƙananan ƙwarin da ke huda ganyen kuɓewa, a barbaɗa musu tokar murhu mai sanyi da sassafe, lokacin da raɓa take kan ganye. Manyan tsutsotsi kuwa, a tsince su da hannu a ba kaji. Wannan aiki ne da yara za su iya kafin su tafi makaranta. Tumatir, attarugu da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu kusan ɗaya ce. In sun yi shekara a wuri, a sa wake ko masara a wurin baɗi.

Ba kowane ƙwaro ne abokin gaba ba

Ku fasa tsohon ɗakin zanzaro ku gani. Sau da yawa tsutsotsi ne a ciki, waɗanda ya kwaso domin 'ya'yansa. Gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, kwaɗo da ƙadangare duka ma'aikata ne da Allah ya ba mu, ba sa karɓar lada. Guba ba ta tambaya, tana kashe su tare da zuma mai sa kabewa ta yi 'ya'ya. In suka ƙare, ƙwarin ɓarna sukan dawo fiye da dā.

'Yan'uwa, a Farawa sura 2 mun koya cewa aikin lambu ne Allah ya fara danƙa wa mutum, tare da kula da shi. Mu wakilai ne, za mu kuwa ba da lissafi. Muna roƙon kowace zumunta ta zaɓi mata biyu su gwada wannan a kunya ɗaya, su bar kunya ɗaya ba feshi, sa'an nan su kawo mana labari a taro na gaba. Dattawa kuma su taimaka a fitar da kwalaben nan daga ɗakunan kwana.

Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku, ya tsare mana 'ya'yanmu. Amin.