Jawabi: 'Ya'yanmu da Aikin Jinyar Dabbobi

'Yan'uwana 'yan Shahuci mazauna birane.

Muna yara mun sha bin gardawa har Kasuwar Kurmi muna kallon kura da takunkumi, ba mu taɓa tambayar wa ke mata magani ba. Yau namun dajin Falgore da na gidan zu da Audu Bako ya gina suna buƙatar masu jinya. Yaro ya riƙe kimiyya, ya nemi likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, ko ya nufi Vom, inda ake binciken cututtukan dabbobi tun 1924.

Na taɓa hana ɗalibina wannan karatu, na ce ba aikin ɗan birni ba ne. Har yau ina nadama. Kada ku maimaita kuskurena.

Allah Ya albarkaci zuri'armu. Wassalam.