GONAR YARA: Jawabin malamin lakwal a taron shekara na ƙungiyar ƴan garinmu

Maigari, liman, iyayenmu maza da mata, shugaban ƙungiya, da ƴan'uwa da suka taso daga Yamai, Maraɗi, Kano da Abijan, ina gaishe ku da gajiya. Ni yaro ne a gabanku, in na yi kure a gafarce ni.

Zan fara da abin da ya ba ni kunya. Bara na fita da ƴan ajina bayan gari, na ce kowa shi faɗi sunan iccen da muka wuce da amfaninshi. Waɗanda ke zuwa na ɗaya cikin faransanci suka tsaya ga kuka da dogon yaro. Wata yarinya da ke kiwon awaki tare da kakarta, wadda kullum ita ce ta ƙarshe a aji, ita ta jera mana kalgo, sabara, aduwa, magarya, anza da kirya. Ni kaina, da na fito ekol normal da takarda, ban gane kirya ba. Ran nan ban yi barci da daɗi ba.

Kun sani, ba kowane yaro ke wucewa kwaleji ba, kuma ba duk wanda ya wuce ke samun aikin biro ba. Wanda ya dawo gida ba albashi ba sanin gona, biɗa ta rage mishi, Libiya ko wajen zinariya. Dattawan da suka san ƙasar nan kuwa, kowace shekara muna rakiyar wasu makwanci, abin da suka sani shina bin su.

A Amurka akwai iyaye masu karantar da ɗiyansu a gida. Gidaje kaɗan kan haɗa kai, su ware rana, su fita da yara lambu ko daji, kowane uba ko uwa shi koyar da abin da ya iya. Wasunsu na bin wata hanyar noma da ake kira farmakalca, wadda Bill Mollison da David Holmgren na Ostareliya suka bayyana cikin littafinsu na 1978. Gindin maganar shi ne a dubi yadda daji ke ciyar da kanshi, a tsara gona haka nan: a tare ruwa, a maida wa ƙasa abin da aka ci, a gama icce da shuka da bisashe wuri guda. Ba na cewa mu fidda ɗiyanmu daga lakwal. Haɗin kan iyayen nan kaɗai nike so mu ara, don darasin kam muna da shi a gida.

Ku dubi gawo. Da damana shina kaɗe ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki. Da rani shina fidda ganye da ƴaƴa, bisashe su ci, su bar kashi a gindinshi. Ku dubi sassabin zamani. A 1983, nan jihar Maraɗi, Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara saiwarsu na raye. In manomi ya zaɓi tohon da suka fi ƙarfi, kamar uku zuwa biyar, ya rage sauran, icce zai tashi ba tare da an dasa ko an ba shi ruwa ba. Bayan yunwar 1984 manoma suka kama, har masana suka ƙiyasta itatuwa kamar miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 cikin Nijar. Ku dubi tassa ta mutanen Illela da Badagishiri: a gina rami a faƙo da rani, a zuba taki cikin hannu, gara ta shiga ta huda ƙasa, ruwan farko shi zauna a ramin, a shuka hatsi. Da irin wannan rami Yakuba Sawadogo na Burkina Faso ya raya daji, har aka ba shi babbar kyauta ta duniya a 2018, shekara guda da Rinaudo. Ku dubi layukan dogon yaro da aka fara dasawa a Majiya a 1975 don kare iska. Wa zai nuna wa ɗiyanmu duk wannan in ba mu ba?

Ga roƙona, abu huɗu ne. Na ɗaya, maigari shi ba mu faƙon nan na bayan lakwal, wanda ba mai nomawa. Na biyu, kowace Asabar da hantsi, bayan an tashi makarantar allo, dattijo guda da uwa guda su zo bi da bi: wani shi nuna gyaran toho, wata ta nuna ajiyar iri da shanya zogale, makiyayi shi nuna ciyawar da ke da amfani. Ni zan zo da kaye. Yara za su auna rami, su ƙirga itatuwa, su rubuta sunan kowane icce da Hausa da faransanci, kun ga lissafi da rubutu ba su tsaya ba. Na uku, ku ƴan'uwa na birni ku ɗauki nauyin shinge da kayan aiki, ko jaka guda ce ga mutum. Itatuwan da muka dasa ran 3 ga watan Agusta, ranar icce, awaki sun cinye su sarai saboda rashin shinge. Na huɗu, abin da aka girbe a raba biyu, rabi abincin rana na yara, rabi kaye da alli.

Na ji wani uba ya ce ya sa ɗanshi lakwal ne don shi huta da hauya. Baba, gaskiyarka, ba mai son ɗanshi shi wahala. Amma ba ƙodago za mu sa su ba, awa biyu ne a mako. Wanda Allah ya ba aikin biro, wannan ba zai rage shi da komi ba. Wanda ya dawo gida kuwa, zai dawo da abin yi. Icce tun shina ɗanye ake tanƙwara shi.

Ramin tassa da rani ake gina shi. In ba mu yanke shawara a wanga zama ba, sai baɗi. Magatakarda na nan da takarda, wanda zai ɗauki Asabar ta farko shi ba da sunanshi kafin mu watse.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi raya mana ɗiyanmu.