Kafin Faifan Kwamfutarka Ya Mutu

 

An nemi in yi magana a kan manhajojin da ake kula da kwamfuta da su. Iri uku ne: masu yi mata kwalliya, masu share ta da gyara ta, da masu ajiye kwafin abin da ke cikinta. Yawancinmu da na farkon muke farawa. Mutum zai sayi kwamfuta, ranar farko ya canza hoton fuskarta, bayan wata biyu ta yi nauyi ya nemo manhajar shara, amma maganar kwafin ajiya ba za ta faɗo masa a rai ba sai ranar da ya kunna ta taƙi tashi. Ni a ganina jerin ya juye. Ajiya ce ta farko, kuma ko ita ba ta cika ajiya ba sai an gwada dawo da ita an ga ta dawo.

Bari in fara da abin da ke faruwa idan ka goge fayil. A kan tsohon faifai mai juyawa, gogewa ba ta taɓa rubutun kansa. Kwamfuta tana cire sunan fayil ɗin ne daga jadawalinta, ta ce wurin ya zama fili, duk mai so ya rubuta a kai. Wannan ne ya sa tun a 1982 Peter Norton ya yi suna da manhajarsa ta UnErase, wadda ke dawo da abin da aka goge, kuma har yau Recuva da PhotoRec wannan aikin suke yi. Sharaɗin dai ɗaya ne: da zarar ka gane ka yi ɓarna, ka daina rubuta komai a kan faifan. Ɗalibar da ta goge kundin digirinta, ta ci gaba da sauke fina-finai a kan faifan har kwana uku kafin ta kai wa mai gyara, da hannunta ta binne shi. A kan sababbin faifan SSD kuma lamarin ya fi tsanani, domin akwai umarnin da ake kira TRIM wanda ke sa faifan ya share wurin da kansa ba da jimawa ba. Saboda haka kada kowa ya dogara da cewa mai gyara zai ceto shi.

Wani zai ce ai shi yana da kwafi. To, mu duba labarin mutanen da suka fi mu kuɗi da gwaninta.

A 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani ya ba da umarnin gogewa a inda bai kamata ba. Ma'aikata suna kallo, sassan fim ɗin suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har kusan kashi 90 cikin ɗari suka tafi. Hankalinsu bai tashi sosai ba da farko, tunda suna da kaset-kaset na ajiya. Da aka ɗauko su sai aka tarar ajiyar ta daɗe da samun matsala, babu wanda ya lura. Abin da ya cece su shi ne wata babbar ma'aikaciya da ta haihu tana aiki daga gida, akwai kwafin fim ɗin a kan kwamfutarta. Haka aka je aka naɗo kwamfutar nan a bargo, aka sa a mota aka kawo ta ofis a hankali.

Na biyu ya fi kusa da mu a zamani. A ƙarshen Janairun 2017, wani injiniya a kamfanin GitLab, cikin dare kuma a gajiye, ya goge rumbun bayanai a kan na'urar da ba ita ya nufa ba. Kusan gigabait 300 suka salwanta. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya har biyar, amma da aka bi su sai aka ga babu wadda ke aiki yadda aka zata. Daga ƙarshe wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i shida kafin ɓarnar aka dawo da shi, aikin mutane na waɗannan sa'o'i kuwa ya tafi. Ina yaba musu a kan abu ɗaya, ba su ɓoye ba, sun fito sun bayyana wa duniya dalla-dalla yadda abin ya faru. A duka labaran biyu an sayi kayan ajiya, an kafa su, ana ganin suna aiki. Abin da ba a yi ba shi ne wani ya zauna wata rana ya ce bari in dawo da fayil ɗaya in buɗe in gani.

Akwai ƙa'idar da wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa, ana ce mata uku-biyu-ɗaya: kwafi uku na duk abin da ke da muhimmanci, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Manomin kirki ya san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta, ba ya zuba irin shukarsa duka a rumbu ɗaya, domin gobara da gara ba sa sallama. Malamin da ya ajiye kwamfutarsa da faifan ajiyarsa a jaka ɗaya, ɓarawo ɗaya ya ishe shi.

Kayan aikin kuwa suna nan, mafi yawansu kyauta. Mai Apple yana da Time Machine tun 2007. Mai Windows yana da File History tun fitowar Windows 8 a 2012, sai dai ba ya aiki sai ka kunna shi ka nuna masa faifan waje. Mai Linux yana da rsync, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, hikimarsa ita ce ba ya sake kwafe komai, abin da ya canza kaɗai yake ɗauka. Ga masu kula da ɗakunan kwamfuta na makarantu, Clonezilla, wanda aka ƙirƙira a Taiwan, yana ɗaukar hoton faifai gaba ɗaya, da Windows da manhajoji da saitin komai, ta yadda idan na'ura ta lalace za a mayar da ita yadda take ba tare da an kwana ana girka abubuwa ɗaya-ɗaya ba.

A nan akwai ruɗani biyu da nake so in warware. Na farko, System Restore na Windows ba ya ajiye takardunka. Saitin kwamfuta da fayilolin tsarinta yake mayarwa baya, kuma a kan faifan nan dai yake zaune, idan faifan ya mutu tare suke mutuwa. Na biyu, folda mai haɗe da Google Drive ko OneDrive madubi ce. Ka goge a nan, ta goge a can. Kwandon shararsu yana riƙe abin na ɗan lokaci, galibi kwana 30, bayan haka shi ke nan.

Yanzu ga maganar shara da gyara, kuma a nan ne nake da ƙorafi. Manhajoji sun cika intanet masu alƙawarin ninka saurin kwamfuta. Ka girka ɗaya, nan take ta nuna maka jan rubutu cewa ta gano matsaloli ɗaruruwa, ka biya a gyara. Microsoft da kanta ta ce ba ta goyon bayan manhajojin share rajistar Windows, domin kuskure ɗaya a wurin yana iya hana kwamfuta tashi. Kuma duk manhajar da ka ba izinin shiga ko'ina ta yi shara, ka ba ta makullin gidanka ne. A 2017 masu kutse sun cusa muguwar manhaja a cikin CCleaner, sigar 5.33, daga tushenta, mutane fiye da miliyan biyu suka sauke ta daga shafin kamfanin na gaskiya. Abin da Windows ta zo da shi na share tarkace ya wadatar da mafi yawanmu. Idan kwamfuta ta yi nauyi, a rage manhajojin da ke tashi tare da ita, a duba lafiyar faifan da irin su CrystalDiskInfo, in da hali a sa mata SSD. Sannan a yankinmu, a buɗe ta a hure ƙurar hunturu da ta toshe fankarta, a kuma sa mata batirin tsaro saboda ɗaukewar wuta, domin yankewar lantarki ana cikin rubutu tana lalata fayil.

Gyaran da ya fi kowanne muhimmanci shi ne sabuntawa, kuma shi muka fi kashewa don tsoron cin data. Ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar garkuwa da fayiloli ta WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150. Ta kulle fayiloli, ta nemi dala 300. A Ingila asibitocin gwamnati sun soke ganin likita kusan 19,000. Alhali Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar da manhajar ta bi ta shiga tun watan Maris, wata biyu kafin harin, mutane ne ba su girka ba. Irin wannan manhaja tana bin duk faifan da ke maƙale da kwamfuta ta kulle shi, shi ya sa faifan ajiya idan ya gama aikinsa a zare shi a sa a aljihun tebur.

Kwalliya ba zan daɗe a kanta ba. PowerToys na Microsoft, da aka farfaɗo da shi a 2019, yana da amfani, musamman wajen tsara tagogi da sauya maɓallai, kuma mai rubutun Hausa zai iya sa wa ƙ da ɗ da ɓ gajerun hanyoyi. Abin da nake gargaɗi a kai shi ne jigogin ado da ake saukewa daga shafukan da ba a san masu su ba, masu taɓa fayilolin tsarin kwamfuta.

Shugabannin sassa da ke zaune a nan, ga abin da nake roƙo. Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum, kuma da yawa daga kwamfutocin ofisoshinmu ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Ko an sauya su, ko an koma Linux Mint, dole a kwashe sakamakon jarrabawa da bayanan ɗalibai daga wata na'ura zuwa wata, kuma a irin wannan ƙaura ake yawan asara. A naɗa mutum ɗaya a kowane sashe, da sunansa a rubuce, wanda a farkon kowane zango zai ɗauko faifan ajiya, ya haɗa shi da wata kwamfuta dabam, ya buɗe sakamakon zangon da ya wuce a gaban shugaban sashe, su biyun su sa hannu.